4K ko Full HD: wace tele zan saya wa Baba?

Ɗan Bilbis, Tawa

Salamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Tambaya gare ni ga waɗanda sunka san sha'anin tele, amma ku yi haƙuri sai na ɗan ja zance, don in ban faɗi yadda gidanmu yake ba, shawarar ba za ta zauna daidai ba.

Ni tela ne a Tawa. Telen da ke salon Baba irin mai ƙusumbin nan ce, tun ina lakwal anka sayo ta, da ita munka kalli kokowa shekara da shekaru. Yanzu ta gaji. Sai an ɗan mare ta a gefe kafin launi ya dawo, in ba haka ba mai karanta labarai kore shar yake fitowa, har ƙanwata ta sa mishi suna ɗan zogala. Watan jiya yayana da ke Abijan ya aiko jaka 200, ya ce a saya wa tsoho sabuwa tun kafin lokacin kokowar takobi. Kun san mu nan Tawa ba mu wasa da kokowa, a garin nan anka fara gasar ƙasa a 1975, kuma Baba har gobe shina ba da labarin abin da ya gani da idonshi. Sharaɗi guda Yaya ya kafa mini a salula, har sau biyu ya maimaita: "Ka tabbata 4K ce, kada ka kwaso mini tarkace." Wai can abokanshi duk 4K gare su.

Ranar Lahadi na bar yara a shago na zaga butik-butik. Na ga mai pus 32, wato inci 32, an rubuta HD Ready, jaka 70. Na ga mai pus 43 an rubuta Full HD, sananniyar marka, jaka 135 da garanti na shekara guda. Mai pus 55 mai 4K ta gaske anka ce mini 245, kun ga ta wuce abin da ke hannuna. Sai ga wata mai pus 50, sunan da ban taɓa ji ba, an buga 4K da manyan baƙaƙe a kwali har wuri uku, mai ita ya ce 150 ya sallama. Ya sa kile na USB ya nuna mini wasu tsuntsaye masu launi da ruwa na zubowa daga dutse, wallahi kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Zuciyata ta raya mini in biya nan take, amma na ce bari in tambaya tukun.

Abin da ake kallo a gidanmu: Baba labaran Télé Sahel da kokowa da tafsiri in azumi ya zo. Inna da matanmu Arewa24. Ni da ƙannena bal, in mun haɗa kuɗin abonma. Ba mu da wifi, forfe ne kawai a salula. Na ɗauki metir ɗin ɗinkina na auna, daga kujerar Baba zuwa bangon da telen za ta tsaya metir 3 ne cif, yara kuwa kan tabarma suke zama kamar metir ɗaya da rabi. In bazara ta yi anka ɗauke kuran, fanon hasken rana guda da batir guda muke juyawa a kai, har da bantilatar.

To mi kuke gani? 4K ɗin nan dole ce, ko suna ne kawai? In ɗauki mai pus 50 in cika umarnin Yaya, ko in ɗauki mai 43 in shirya jin faɗa?

Mai Gyara, Katako, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Madalla da ka auna ɗaki kafin ka biya, yawancin mutane sai sun kawo kaya gida suke tuna da awo.

Kai tela ne, to bari in yi maka da yaren sana'arka. Ka san shadda ba ɗaya ba ce, akwai mai sarari tsakanin zare, akwai mai saƙa a matse. Gilashin tele ma haka yake, ƙananan ɗigo ne aka jera, su ake cewa fiksel, kowanne yana ba da launinsa. Lambobin da kake gani a kwali ƙidayar ɗigon nan ce, na kwance sau na tsaye. HD Ready yawanci 1366 sau 768 ce, wato ɗigo miliyan ɗaya da ɗan kai. Full HD 1920 sau 1080, miliyan biyu da ɗan kai. 4K kuwa 3840 sau 2160, ɗigo miliyan takwas da dubu ɗari uku kusan, ninki huɗu na Full HD ke nan daidai. Zancen ya ƙare a nan, babu wani sihiri.

Amma ga inda ake cin kuɗin mutane. Tele ba ta ƙirƙiro hoto, abin da aka zuba mata shi take nunawa. Tashar da ke watsa shirinta da tsohon ma'auni, 720 sau 576 take aikowa, ɗigo dubu ɗari huɗu da ɗoriya. In ka zuba wannan a gilashin 4K, ɗigo guda na asali sai ya cike gurbin ɗigo ashirin. Injin da ke cikin telen shi zai zauna yana cike gurabun da ƙiyasi. Tele mai tsada ƙiyasinta yana da ɗan kyau, mai araha kuwa sai ka ga fuskar mutum kamar an shafa mata man shanu. Kamar a kawo maka yadi biyu ne a ce ka fitar da babbar riga. A cikin tashoshin kyauta da nake saita wa mutane a farabol, mafi yawa har yanzu 576 ne. Masu HD ɗin, kamar na ƙwallo da ake biyan abonma, yawanci 1080 suke, ba 4K ba. Tsuntsayen da mai butik ya nuna maka, hoto ne da aka tanada musamman don tallar kaya, ba za ka gan su a labaran ƙarfe takwas da rabi ba.

Sai abu na biyu, kuma shi nake so ka tashi yanzu ka duba. Wace waya ce ta haɗa dekodarku da telen? In mai kai uku ce, rawaya da fari da ja, to ka sani rawayar nan ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce 576, ko da dekodar HD ce, ko da tashar HD ce. Ban san adadin gidajen da na shiga a Yamai ba, daga Talaje har Yantala, na tarar da tele ta jaka ɗari uku an jona ta da wayar jaka ɗaya mai kai uku, maigida yana zagin telen. Sai wayar HDMI, ita ce ke iya ɗaukar hoton HD. Ka duba bayan dekodar ko tana da ramin HDMI, in babu, to canza dekoda ya riga sayen 4K muhimmanci. In akwai, bayan ka jona ka shiga cikin saiti ka sa ta fitar da 1080. Ka lura da wani abu kuma: in ka danna info a telekoman ɗin tele ta rubuta 1080, abin da dekoda ke miƙo mata take faɗi, ba lallai tashar ce HD ba. Sunan tashar za ka duba, masu HD sukan rubuta.

In kana da niyyar kama tashoshin TNT, wato na dijital da ake watsawa ta ƙasa, da eriya ba tare da dekoda ba, ka tabbata an rubuta DVB-T2 a bayan telen, shi ne tsarin da ake kama su da shi. Akwai kayan da ake shigowa da su na wasu ƙasashe da ba su da shi.

Ni dai da kuɗin nan a hannuna yake, mai 43 zan ɗauka. Mai pus 50 ɗin can ina da magana a kanta, amma ka fara dubo mini waya.

Malamin Lissafi, Tawa

Malam tela, sannu da ƙoƙari. Mai Gyara ya yi maganar abin da ke shiga tele, ni bari in yi maganar abin da ke shiga ido, tunda ka ba mu awo.

Ido mai lafiya, wanda likita zai ce goma bisa goma, yana iya rarrabe ɗigo biyu ne muddin tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Ƙasa da haka sai su narke su zama abu guda. Daga nan ake fitar da lissafi mai sauƙi: don ka ga dukan abin da Full HD ke da shi, kada nisanka ya wuce tsayin gilashin sau uku da ɗan kai. Don ka ga dukan na 4K, sau ɗaya da rabi da ɗan kai. Tsayi nake nufi, daga ƙasa zuwa sama, ba pus ba. Pus daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kowane guda santimita 2.54, shi ya sa pus 43 santimita 109 ne a karkace, amma tsayinta kamar 53 kawai.

To mu ɗora a salon Baba. Mai pus 43: Full HD ɗinta yana cika ido har zuwa metir 1.7, 4K kuwa sai ka matso kamar santimita 85, wato ka zauna gabanta kamar mai ɗinki a kan keke. Mai pus 55 tsayinta kamar santimita 68, Full HD har metir 2.2, 4K metir 1.1. Kujerar Baba tana metir 3. Daga can, a gilashin pus 43 idon saurayi ma layi ɗari shida da ɗan abu zai iya rarrabewa, a pus 50 kamar ɗari bakwai, a pus 55 kusan ɗari takwas. Ka ga ko 1080 ɗin ba a cinye ba, balle 2160. Kafin mutum ya cinye Full HD daga metir 3 sai tele ta kai pus 75. Kuma wannan ido goma bisa goma ne, ban san ko Baba yana sa tabarau ba.

Kada a ɗauki lissafin nan kamar aya. Akwai masu kaifin ido fiye da haka, kuma bambanci ba ya ɓacewa tashi guda kamar an kashe fitila, a hankali yake dushewa. Amma dai yana nuna hanya.

Wani zai ce, to ai ke nan HD Ready ma ta isa. Ga Baba a kujerarsa, kusan haka ne. Sai dai mai pus 32 ta yi ƙanƙanta daga metir 3, rubutun da ke gudana a ƙasan labarai zai wahalar da shi. Ga kuma yaran da ke kan tabarma a metir ɗaya da rabi, su za su ga Full HD ɗin gaba ɗaya a pus 43. Saboda haka a ɗakinku girman gilashi ya fi yawan ɗigo amfani. Da za a samu pus 50 Full HD ta kirki a kuɗin, ita zan ce ka ɗauka. Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko dala: a matso da kujerar.

Ɗan Yunibarsite, Yamai

Iyayena ku yi haƙuri, ni ban yarda gaba ɗaya ba. Tele ba tumatir ba ce da za a saya yau a cinye gobe. Mai ƙusumbin ta yi shekara nawa a gidan? Wannan ma za ta yi bakwai ko goma in Allah ya tsare ta. Wa ya san abin da za a riƙa watsawa nan da can? Da can ma an ce HD ba ta da amfani a ƙasar nan.

Na biyu, manyan kamfanoni yanzu daga pus 50 zuwa sama kusan duk 4K suke yi, Full HD sun bar ta a ƙananan. Kuma kayan kirkin, haske mai ƙarfi, launi mai kyau, HDR mai fito da bambancin haske da duhu, da injin da ke gyara hoto, a masu 4K suke zuba su. Sau da yawa in ka ga 4K ta fi kyau a ido, ba ɗigon ba ne, sauran kayan ne, amma dai ta fi kyau ɗin. Ni a ɗakinmu muna buga wasan bidiyo na PS5 a pus 43 mai 4K, muna zaune dab da ita, wallahi bambancin a fili yake, har ciyawar fili kana ƙirgawa.

Yaya tela, in za ka iya ce wa na Abijan ya ƙaro jaka 45, ɗauki mai 55 ɗin ka huta. Shi ya ce 4K, to ya cika kuɗin 4K. In ba zai ƙara ba, na yarda da Mai Gyara, gara Full HD ta gaskiya da 4K ta kwali.

Uwar Biyu, Yantala

Ɗan Yunibarsite, ɗana, kai dab da tele kake zama, tsoho ba zai zauna haka ba.

Ni na riga na yi abin da ake ce maka ka yi, malam tela, bari in ba ka labari. Bara maigidana ya sayo mai pus 55, 4K ta gaske, Smart TV, har da YouTube a ciki. Daren farko aka jona ta da salularsa, aka nemo hoton Ka'aba mai 4K, muka zauna muna ta salati don kyau. Ba a yi awa guda ba saƙo ya shigo forfe ya ƙare, na wata guda fa. Daga baya ɗan ƙanwata ya nuna mana a shafin Netflix su da kansu sun rubuta 4K tana iya cin jiga 7 a awa, HD kuwa har jiga 3. Tun daga ranar aka mayar da YouTube ɗin kan 480, in an ji daɗi 720. Ka ga mun sayi doki muna tafiya a ƙasa.

Tashoshin da nake kallo da rana kuma, wasunsu a tsohuwar ƙaramar telenmu sun fi kyau, don wannan girmanta yana tona asirin hoton. Bidiyon biki da ake turowa a WhatsApp kam kada ma ka sa, amarya sai ta koma kamar an zana ta da gawayi. Ban ce ban ji daɗinta ba. Ranar da ake ƙwallo a tashar HD gidan cika yake, kuma girman yana da daɗi. Amma 4K ɗin da aka biya, sau ɗaya muka gan ta.

Abin da ba wanda ya faɗa maka: ka ware kuɗin regilatar, mai daidaita ƙarfin kuran, tun yanzu. Sabbin telen nan ba su da juriyar masu ƙusumbi, kuran ya dawo da ƙarfi sau ɗaya ya isa. Ta maƙwabciyata haka ta tafi, wata huɗu da saye. Tunda kuma batir kuke juyawa, ka duba takardar da ke manne a bayanta ka ga wat nawa take ci, babba ta fi ƙarama ci nesa ba kusa ba, kada ka zo tsakiyar zafi ana zaɓi tsakanin tele da bantilatar. Ka ɗinka mata riga kuma, kai da ke tela, ƙurar hunturu ba ta da mutunci.

Ɗan Bilbis, Tawa

Allah shi saka muku da alheri duka. Hajiya, na yi dariya har yaran shago sunka juyo, rigar tele kuwa na riga na ware mata ƙyalle.

Mai Gyara, na dubo. Wayar mai kai uku ce, rawaya da fari da ja, ka faɗi gaskiya kamar kana ɗakin. Dekodar an rubuta HD a gabanta, kuma akwai ramin HDMI a baya, ƙura ta cika shi, ba a taɓa sa komi ciki ba. Ashe shekara biyu muna biyan abonma na HD muna kallon rabinshi. Ko da yake mai ƙusumbin ma ba ta da inda za a sa shi.

Na kira Yaya kan zancen ƙarin jaka 45, ya ce wanga wata sai dai haƙuri. To saura maganar mai pus 50. Malamin Lissafi ya ce girma ya fi amfani a ɗakinmu, ita kuma ga girma ga 4K ga araha. Mi ne ne aibinta?

Mai Gyara, Katako, Yamai

Aibinta shi ne ban yarda 4K ba ce, kuma ban ma tabbata pus 50 ba ce. Irinsu suna zuwa teburina kowane wata. Wasu a kwali za ka ga an rubuta 4K da babban baƙi, can ƙasa da ƙaramin rubutu an ce tana karɓar 4K. Karɓa daban, nunawa daban. Tana karɓar hoton ta matse shi ya dawo daidai ɗigon gilashinta, wanda Full HD ne, wani lokaci ma 1366 sau 768. Kada ka dogara da abin da ta rubuta a cikin saiti, ko abin da ordinatar ya faɗa in an jona, wannan duk rubutu ne da aka sa mata, ana iya sa mata ƙarya.

Ga gwajin da ba ya ƙarya, kuma kayan aikin suna aljihunka. Ka tafi da metir ɗinka. Da farko ka auna gilashin kaɗai daga kusurwa zuwa kusurwa, ban da firam. Pus 50 santimita 127 ne. Na sha ganin wadda aka rubuta 50 ta fito 43. Sannan ka ce a sa hoto mai fari, ka ɗora metir a hankali a jikin gilashin, kada ka danna, ka matso da kyamarar salula ka zuƙo har ka ga ɗigon, ka ɗauka. Ka ƙirga ɗigo nawa ke cikin santimita guda a kwance. Kowane ɗigo za ka gan shi da ja da kore da shuɗi a jere, ukun nan ɗaya ne, kada ka ƙirga su uku. A pus 50, in 4K ce za ka samu kamar 35, in Full HD ce 17, in ta ƙasa ce 12. A pus 43, Full HD 20 ne. Ba sai ka ƙirga daidai wa daida ba, tsakanin 17 da 35 ko makaho ya laluba.

Kafin ka biya kowacce, ka sa a cire kile ɗin tsuntsaye a jona tashar da kuke kallo a gida, ka ja baya metir 3 ka tsaya. In akwai ƙwallo ka kalli yadda take bin gudu, mai arha takan bar inuwa a bayan ɗan wasa. Ka tsaya ta gefe kuma, tunda ba kowa ke samun tsakiya ba a salo, wani gilashin daga gefe fari yake komawa. In ka kai gida ka fitar da ita daga saitin butik ka mayar na gida, hasken butik yana cin kuran yana gajiyar da ido. Takardar garanti kuma da tambarin shago, ba ta baki ba.

Ɗan Bilbis, Tawa

Jama'a na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na koma da metir a wuya. Mai butik ya ga na ɗora shi a gilashi ya ce, "Malam, riga za ka ɗinka mata?" Na ce eh, amma ba yau ba. Girman dai ya cika, 127 ba ragi, nan ban kama shi ba. Da na ƙirga ɗigo a salula na samu 17. Na sake a wani gefen, 17. Na nuna mishi, ya ce shi ma haka anka kawo mishi, kwali ya karanta kamar kowa, kuma ina jin gaskiya ya faɗi don shi kanshi ya karɓi salular shina ƙirgawa.

Na tsaya na yi tunani, don in an bi lissafin Malam, Full HD mai pus 50 a jaka 150 ba ta yi muni ba. Amma da anka sa tasha ta gaske, daga gefe launin ya koɗe, kuma da na tambayi garanti ya ce sati biyu. Kayan da sunka fara da ƙarya tun daga kwali, ban iya kai wa Baba. Na koma wurin mai 43, na ƙirga na samu 20, anka rage mini jaka 5, na biya 130 da takarda. Wayar HDMI jaka 2, regilatar 25, ƙarfen ratayewa 6. Abin da ya saura na biya abonma, canjin na kai wa Inna.

Da dare munka jona. Na matso da kujerar Baba kamar taki biyu ba tare da na faɗa mishi ba, ya shigo ya mayar da ita inda take, ya ce shekara ashirin nan take. Malam, dabararka ba ta ci ba. Tashoshin gida sun fito fes, ba kamar tsuntsayen butik ba amma mai labarai ya bar zama kore. Da na juya tashar bal mai HD kuwa ƙanena ya yi kabbara, wai ashe ƴan wasa suna da lamba a wando. Baba ya ce a rage haske, shina sa mishi hawaye, na tuna da saitin butik na canza.

Yaya ya kira ta bidiyo, na juya mishi salula ya gani. Ya ce, "Kai, ta yi kyau, 4K ce ko?" Na ce Full HD ce, na fara mishi bayanin ɗigo da metir 3. Ya yi shiru, ya ce in ba Baba. Baba ya karɓa ya sa mishi albarka ya fi minti biyar, daga nan zancen 4K bai sake tasowa ba, ko da yake na san in ya zo Sallah sai na sha tambaya.

Yanzu abin da ya rage, bangon salon na ƙasa ne an shafe da siminti, kuma ina tsoron kusoshin ƙarfen nan ba za su riƙe ba. Mai Gyara, a huda bangon har waje a sa dogon ƙarfe, ko in haƙura in sa kafinta ya yi mata tebur? Don yanzu kan akwatin Inna take zaune, kuma jikoki sun fara kai hannu.